Ƙwallon da Ke Zuwa Daga Gefe

Shekara biyu na yi ina zaman benci a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jami'armu. Ni ne gola na biyu, kuma wanda ke gabana ba ya ciwo, ba ya makara, ba ya fashi. Ban taɓa jin haushinsa ba, don ya fi ni. Jira kawai nake ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa. Da ya tafi, ranar da muka dawo atisaye, koci ya ja ni gefe ya ce bana raga tawa ce. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce in rage cin tuwo, in kuma riƙa buɗe baki ina yi wa 'yan baya magana, don ya lura shiru ya yi mini yawa.

Ƙarshen damina ne. Filin ya yi kore shar, in ban da gaban raga, inda ƙasa ta daɗe da gajiya da fitar da ciyawa. Kullum daga gidanmu a Ƙofar Marke nake hawa kabu-kabu zuwa inda bas ɗin makaranta ke lodi, mu haye gada, shinkafa dama da hagu a fadama, mu wuce ta gefen Dundaye inda aka fara yankan gero. Littattafaina da safar hannuna jaka ɗaya suke shiga. A makonnin nan na farko ba na jin akwai wanda ya fi ni jin daɗin duniya a cikin bas ɗin.

Baba tsohon magatakardan kotu ne, da ya yi ritaya ya koma bayar da karatu a zaure. Bai taɓa zuwa kallona ba, bai kuma taɓa hana ni ba. Abin da ya kasa ganewa shi ne, a cikin mutum goma sha ɗaya, me ya sa na zaɓi in zama wanda ake harbi. Sharaɗinsa ɗaya, kada ƙwallo ta ci mini salla.

A gida an san ni da tuntuɓe. Ba butar da ban taɓa shura ba a tsakar gidan nan. In ƙannena mata suka bar kujera a hanya, ni ke tafiya da ita. Inna takan ce ina tafiya hankalina na sama kamar mai neman wata. Dariya ake yi, ni ma in yi. Ba wanda ya taɓa ɗaukar abin a bakin komai, tunda mutumin da ke kama ƙwallon da aka dako masa da ƙarfi ba za a ce ba ya gani ba.

Saboda zafin Sakkwato, ba a fara atisaye sai bayan la'asar, a tashi dab da magariba. A nan na fara lura da wani abu. In aka bugo mini ƙwallo daga gaba, komai ƙarfinta, ina ganinta sarai, har ɗinkin jikinta. Amma in daga kusurwa aka ɗago ta, sai in ga ƙafar mai bugu ta tashi, in ji ƙara, daga nan ƙwallo ta ɓace. Sai ta zo dab da hancina take sake bayyana. Kamar an yanke tsakiyar tafiyarta an jefar. Da rana ta yi ƙasa kuwa, abin ƙaruwa yake. Na ce wa kaina rashin sabo ne, shekara biyu a benci ba wasa ba ne. Na ƙara tsalle da igiya, na ƙara gudu.

Wasanmu na farko da wata kwalejin ilimi ne daga jihar da ke maƙwabtaka da mu. Motarsu ta lalace a hanya, aka daɗe ana jiransu, ba a busa usur ba sai da inuwar bishiyoyi ta rufe rabin fili. Kafin hutu na yi wasan da ban taɓa yin irinsa ba. Ɗan gabansu ya fita shi kaɗai, na kwanta na ɗauke ƙwallo daga ƙafarsa. Na ture wata da tafin hannu ta bi saman turke. Ɗalibai suka dinga kiran lambata. Mu ke gaba da ci ɗaya.

Da aka dawo hutu haske ya fara janyewa. Suka samu kwana, wato bugun kusurwa. Na tsaya, na shirya, na ji an buga. Ban ga komai ba, sai murnar mutane na ji a bayana, ƙwallo ta shiga raga. Ba a jima ba suka sake samun wata daga ɗaya ɓangaren, na fito da ƙarfina na naushi iska, ƙwallo ta wuce ta bayan kunnena, ita ma ta shiga. Daga cikin 'yan kallo wani ya ɗaga murya ya ce a ba makaho sanda. Aka yi dariya. Irin maganar da ake jifan kowane gola ce, na sha jin ana faɗa wa wasu.

Koci bai yi mini faɗa ba. Ya ce tsoron fita ne, zai wuce. Wanda bai yarda ba shi ne kyaftin ɗinmu, wanda ke tsaron baya a gabana. Ɗan Dundaye ne, ɗan manoma, aikin gona yake karanta. A lokacin nan daga gonar babansa yake zuwa atisaye, ƙaiƙayin gero a wuyansa. Muna cire takalman ƙwallo a bakin fili ya zauna kusa da ni, bai dube ni ba.

“Ta biyun nan, kana kallon wani wuri daban,” in ji shi. “Ba tsoro ba ne. Ba ka gan ta ba.”

Na ce rana ce ta shiga idona. Ya ce rana ta riga ta faɗi bayan ɗakin kwanan ɗalibai a lokacin.

Washegari ya zo da dabara. In za a ɗago ƙwallo daga gefe, shi zai riƙa faɗa mini: kusa, nesa, fito, tsaya. Muka gwada a atisaye, sauran 'yan wasa suka ɗauka sabon salo ne koci ya kawo. Wasa na biyu muka je waje, aka fara a kan lokaci, muka tashi babu ci. Duk ƙwallon da ta zo daga gefe, da kunne na kama ta. A hanyar dawowa ana waƙa a mota ana buga jikin kujera, ni ma ina yi, amma hankalina ba ya wurin. Na san akwai wadda na kama ba don na gan ta ba, faɗowa kawai ta yi a hannuna.

Ranar wata Juma'a Inna ta aike ni Mabera in kai wa Kawu, yayanta, yaji da man shanu. Kawu tela ne a da, har manyan riguna ya yi wa manyan gari. Tun ina ƙarami na san shi a zaune a ƙofar gida, ana ja masa hannu zuwa masallaci. Ban taɓa tambayar yadda aka yi ba. A wurina haka Kawu yake, kamar yadda wani yake da tsawo wani gajere.

Ɗakinsa ba taga sai wata 'yar ƙarama. Daga hasken waje na shiga, na yi sallama, na yi gaba, na yi fatali da kwanon furarsa. Na durƙusa ina laluben murfi ina ba shi haƙuri. Sai ya tambaye ni ko in na shigo daga rana nakan daɗe kafin ɗaki ya buɗe mini. Na ce eh. Ya tambaya ko mutane kan ce sun miƙo mini hannu na ƙi karɓa. Na ce an sha faɗa. Ya tambaya ko in na yar da abu a ƙasa nakan yi ta nema alhali yana kusa da ƙafata.

Sai ya ce in matso. Ya kama hannuna ya riƙe.

“Ɗana, hakanga nawa ya soma. Dundumi anka ce, anka ba ni hanta na ci har na gaji. Zare cikin allura ina sakawa lahiya lau, amma almakashi in na aje shi gefe sai ya ɓace. Ka tahi asibiti. Ni ban tahi da wuri ba, ko da yake da na tahi ma cewa sunka yi ba abin da za a yi.”

Ya faɗi wannan ba tare da muryarsa ta sauya ba. Ya tambaye ni labarin ƙwallo, ya ce yana jin wasannin Turai a rediyo, har yana da ƙungiyar da yake so. Na zauna na ba shi amsa. Ban tuna abin da na ce ba.

A asibitin ido aka sa ni na ɗora haɓa a bakin wata na'ura mai kama da ƙwarya, aka ba ni wani ɗan maɓalli, aka ce duk sa'ad da na ga ɗigon haske ya ƙyasta in danna. Da farko na dinga dannawa, har na fara jin daɗi. Daga baya sai na daina ganin hasken. Na'urar na ta ƙara ƙasa-ƙasa, ni kuma ina jira. Ma'aikaciyar da ke kula da ni ta zo ta karɓi maɓallin ta danna da kanta don ta ga ko ya lalace. Lafiyarsa lau. Ta mayar mini.

Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta ɗiga mini magani, ta leƙa cikin idon da fitila, ta tambayi ko akwai mai irin wannan a dangin uwa. Na ce akwai. Ta yi mini bayani a hankali, rabi Hausa rabi Turanci. Ciwon gado ne. Daga gefe yake ci yana matsowa tsakiya. Tabarau ba ya gyara shi, tiyata ba ta yi, ba kuma wani magani da za ta rubuta mini ta ce zai tsayar da shi. Wani yakan ɗauki shekaru masu yawa yana gani ta tsakiya, wani kuma abin kan yi sauri, ba ta da hanyar sanin wanne ne nawa. Ta ce in ina tuƙa mashin in daina.

Na tambaye ta ƙwallo fa. Ta tambayi wane wuri nake bugawa. Da na faɗa mata sai ta ajiye biro.

“Ba zan ce maka kada ka buga ba. Amma abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma yau ɗin nan ya fi gobe.”

Na fito maganin da ta ɗiga ya buɗe mini ido, titi ya zama fari fat, ban iya ganin komai ba. Na zauna a kan dakalin wani mai shayi har ya lafa.

Inna ta ɗauki abin a kanta. Ta ce daga gidansu ya fito, ita ta kawo mini. Duk yadda na ce mata ba wanda ke zaɓar abin da zai bai wa ɗansa a jini, ba ta ji. Ta fara soya mini hanta kullum. Ta samo zuma, ta samo kwalli daga wata da ta dawo Umara, ta karɓo rubutu. Duk na ci, na sha, na shafa, don ta samu abin yi. Ƙannena suka daina dariya in na yi tuntuɓe, suka koma kwashe kaya daga hanya da sun ji sallamata. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Baba kuwa washegari ya kira mai gyaran wuta aka ƙara ƙwan fitila a zaure da lungun da ke shiga cikin gida. Bayan kwana biyu, na zo wucewa ɗalibansa sun tashi, ya ce in zauna. Na ɗauka zancen ƙwallo zai yi. Sai ya tambaye ni inda na tsaya a haddar da na bari tun ina sakandare. Na faɗa masa. Ya ce in koma in ɗora, in ƙara himma, tun ina iya duba takarda. Da ya faɗi haka ya juya yana gyara littattafansa da ba su bukatar gyara.

Na samu koci a ƙarƙashin darbejiyar da yake ajiye mashin ɗinsa na faɗa masa. Ya cire hula ya share fuska. Ya tambaya ko in da rana tsaka ne ina gani sosai. Na ce ya fi. Mu biyun mun san ba mai sa wasa da rana tsaka a garin nan. Akwai wani ɗan aji ɗaya, dogo, da ya zo gwaji a makon farko. Shi aka sa a wasa na uku. Bai iya fita ba, ba ya magana, ƙafarsa ta hagu ba ta da amfani. Amma yana ganin ƙwallo tun daga inda ta taso har inda za ta sauka, ba tare da ya san wani abu ne ba. Ina zaune ina ganin kurakuransa tun kafin ya yi su. Muka ci wasan.

Kyaftin bai haƙura ba. Ya ce dabararmu ta yi aiki sau ɗaya, za ta sake yi. Ya dinga bin koci har ya yarda aka shirya wasan sada zumunta da wata ƙungiyar cikin gari ranar Asabar da hantsi, aka ce ni zan tsaya. Ya zo har gida ya faɗa mini. Ban so ba, amma da na ga yadda ya wahala a kai, na ce to. Gaskiya kuma, ina sa safar hannu na ji zuciyata ta fara yi mini ƙarya. Na ce wataƙila likita ta yi gaggawa, wataƙila nawa irin mai jinkirin ne.

Rana ta fito tas, ba gajimare ko ɗaya. Na kama biyu masu sauƙi. Sai ɗan gefensu na dama ya tsere ya ɗago ƙwallo. Wannan karon na gan ta, wallahi na gan ta, na kafa mata ido don kada ta ɓace mini, na fito da gudu na yi tsalle da dunƙulen hannu biyu. Abin da ban gani ba shi ne kyaftin. Yana ta hagu da ni, ya taso zai sa kai. An ce ya yi mini ihu in tsaya. Hannuna da gwiwata duk a kansa suka sauka.

Da na tashi yana kwance, hannu a fuska, jini na bin tsakanin yatsunsa. Ƙashin kumatunsa ya tsage. Aka ɗora shi a mashin ɗin koci, wani ya hau baya ya riƙe shi. 'Yan ɗaya ƙungiyar suka tsaya cirko-cirko suna jiran a ci gaba. Na cire safar, na miƙa wa ɗan aji ɗayan, na zauna a bayan raga har aka tashi. Ita ce rana ta ƙarshe da na tsaya tsakanin turaku.

Bayan an sallame shi na je Dundaye dubiya. Na same shi a gona, a zaune a inuwa, rabin fuskarsa a kumbure, ido ɗaya ya yi ja. An hana shi sunkuyawa, don haka 'yan'uwansa ke ɗaure dammunan gero shi yana kallo. Babansa ya gaishe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini fura, ya ce ƙaddara ce, ko a gona ma ana jin ciwo. Ban san ko an faɗa masa hannun wa ne ba.

Kyaftin yana magana da ƙyar, ta gefen baki. Ya ce likita ya ce sai bayan wata biyu, ke nan rabin kakar wasa ta wuce shi, kuma shekararsa ta ƙarshe ke nan. Akwai wani mutum da ya yi alkawarin zuwa kallonsa daga wata ƙungiya ta jiha, yanzu sai dai wani lokaci. Ya faɗa kamar labarin wani. Na fara ba shi haƙuri ya ɗaga hannu.

“Ni na matsa. Kai ka ce ba ka so.”

Muka zauna muna kallon masu aiki. Da rana ta fara karkata shi ya fara lura, ya ce in tashi in kama hanya tun da haske. Ya sa wansa ya kai ni bakin titi.

Ƙungiya ta ci gaba. Koci ya ce in riƙa zuwa ina taimaka wa sabon gola, na je sau biyu ko uku. Amma atisaye na kai wa dab da magariba, ni kuma dole in kasance cikin bas kafin nan, don in na sauka a gari da duhu ba na iya tsallaka titi. Sai na riƙa tashi ana tsakiyar wasa. Daga baya na daina zuwa, ba wanda ya tambaya, ban kuma ga laifinsu ba. Sakamako a waya nake gani. An fitar da su kafin a kai ko'ina. Kyaftin ya dawo ya buga wasa biyu na ƙarshe, mutumin nan kuwa bai zo ba. Yanzu kyaftin yana sayar da takin zamani da iri a kasuwa, muna gaisawa da salla.

Na gama karatuna da ƙyar. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Mabera, ba nisa da gidan Kawu, wanda ya rasu bara. Ciwon nawa bai zama mai jinkirin ba, bai kuma zama mafi sauri ba. In na dubi ajina, yaro ɗaya nake gani a lokaci guda, sai in juya kai in nemo na kusa da shi. Yaran sun gane, masu surutu sun koma zama a gefe. Wannan rubutun ma a waya nake yin sa, da manyan haruffa, layi biyu-biyu. Likita ta ce in fara koyon amfani da sanda tun kafin ta zama dole. Na saya, tana bayan ƙofa, ban fita da ita ba tukuna.